Jakar ƙyallaye mai soso a ciki: wa ta taɓa ɗinkawa ta yi mata ƙarko?

Maman Ilham:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina da buhu guda na ƙyallayen atamfa da suka taru tun ɗinkin ƙaramar sallah, na kasa zubarwa. Sai na ce bari in harhaɗa su in yi jakar zuwa islamiyya da cefane, irin mai laushin nan da ake sa abu a tsakiya a bi ta da layin ɗinki. Auduga na sa, na yi mata layi huɗu. Ranar farko kowa sai ya tambaye ni inda na saya. Wanki ɗaya na yi mata, audugar ta dunƙule ta gangaro gindi, sama ya koma yadi zalla. Bayan sati biyu kuma hannu ɗaya ya tsinke a hanyar kasuwa da mudu biyu na shinkafa a ciki. Abin ya yi min ciwo, don kwana uku na yi a kanta. Don Allah wadda ta taɓa yi ta faɗa min yadda tata ta kasance.

Anti Tela:
Wa alaikumus salam. Maman Ilham, layi huɗun nan shi ne ya cuce ki. Ɗinkin ba ado ba ne kawai, shi ke riƙe abin da ke ciki. Ni soso siriri nake sawa, tsakanin layi da layi kuma ba na wuce inci ɗaya da rabi. Da alli da rula nake fara zanawa kafin in hau keke.

Tawa ta farko ma ba ta yi kyau ba, amma ta wata fuskar. Daga gefe na fara ɗinki, kafin in kai tsakiya yadin sama ya tattare ya yi tudu, sai da na zauna na farke shi kaf. Tun daga ranar daga tsakiya nake farawa, in yi dama, in dawo in yi hagu. Sannan ki yanka yadin da sosonki su fi awonki da inci ɗaya ta kowane gefe, domin ɗinkin yana cinye yadi. Sai kin gama layukan ki daidaita da almakashi. Butterfly ɗina na ƙafa nake amfani da shi, allura lamba 16, in ƙara tazarar ɗinkin. In kika bar shi ƙanana kamar na riga, zare zai yi ta tsinkewa.

Ummu Sadiq:
Ni maganar hannun zan yi, don abin da ya same ki ya same ni, a cikin Adaidaita Sahu ma, kaya suka watse a ƙafafun mutane. A bakin jakar kawai na liƙa hannun, nauyin duka ya taru a kan ɗinki ɗaya. Da zan sake, sai na cire igiyar tsohuwar jakar makarantar yarona, mai ƙarfin nan, na lulluɓe ta da atamfa, na ɗinka ta tun daga gindin jakar har sama ta kowane ɓangare. A wajen baki na yi ɗinki mai kusurwa huɗu na gicciya shi a ciki. Shekara uku ke nan, atamfar ta koɗe amma hannun ko motsi bai yi ba.

Baban Walid:
Ku yi haƙuri na shigo zancen mata. Hajiya, audugarki ba ta da laifi. Ki dubi lifidin da ake sa wa dawakai a hawan sallah, ai cushe yake, kuma doki yana sukuwa da shi ba ya zubowa. Tarihin Kano ya nuna tun zamanin Sarki Kanajeji, wanda ya yi mulki daga 1390 zuwa 1410, aka fara amfani da shi. Ina yaro na ga wani dattijo a unguwarmu yana gyaran wani tsohon lifidi, abin da na riƙe shi ne yadda ɗinkin ya raba cikin gida-gida, kowane gida da tasa audugar, ba ta da hanyar tafiya. Da na yi wa maiɗakina jakar Alƙur'ani haka na bi, layi a tsaye layi a kwance, ta fita dara-dara. Tana wanke ta, ba ta taɓa dunƙulewa ba.

'Yar Maraɗi:
Sannunku da aiki. Ni ba ni da keke, da hannu na yi tawa, kusan sati biyu, bayan isha'i in yara sun kwanta. Kuma Anti, ki gafarce ni, ban yarda da soso ba. Na taɓa sawa, da zafin bazara ya ratsa shi sai ya fara marmashewa a ciki, ranar da na ɗora dutsen guga kuwa wurin ya lotse bai sake tasowa ba. Yanzu tsohon bargo mara kauri nake yankawa, ko tawul da ya tsufa. Yana da ɗan nauyi, kuma yana jimawa bai bushe ba, amma yana jure wanki. Tazarar layina santimita 3.

Abin da ya fi ƙona min rai daban ne. Na haɗa ƙyallen rini mai shuni da farar shadda don su yi kyau, ban jiƙa su ba tukuna. Ruwan sama ya kama ni a hanya, shunin ya zuba a kan farin, har ya taɓa hijabin da ke ciki. Ki jiƙa kowane ƙyalle daban ki gani ko yana zuba, ki shanya, ki goge, sannan ki yanka.

Anti Tela:
Gaskiyarki kan guga, soso ba ya son wuta ko kaɗan. Ni kafin in haɗa nake goge yadin, bayan nan ba na sake kai dutse kansa. Amma in dai ana son jaka ta tsaya da kanta, bargo ba zai ba ki haka ba.

Amaryar Zariya:
Ni zif ne ya wahalar da ni, allura biyu na karya a wajen da kauri ya haɗu. Daga baya na rage soson daga bakin jakar kamar rabin inci, sai ya wuce lafiya. A gindi kuma na sa buhun shinkafa ninki biyu tsakanin yadi da lainin, ko kwalbar mai na sa ba ya lotsawa.

Maman Ilham:
Allah ya saka muku da alheri, na ji daɗi ƙwarai. Jiya na farke ta. Na jiƙa ƙyallayen, biyu daga ciki suna zuba ja, na ware su gefe. Akwai tsohon bargon goyon Ilham, da shi zan gwada tunda jakar za ta sha wanki, hannun kuma irin na Ummu Sadiq zan yi. Anti, in na zo haɗa gefe da gefe, kaurin zai shige ƙarƙashin ƙafar keke da lamba 16, ko sai na nemo 18?