Kuɗin da ladabtar da alƙali ke ci: abin da muka gani a Katsina da Daura

Tsohon magatakardan kotu, Katsina:
Assalamu alaikum. Duk lokacin da aka taso da maganar gyara dokokin tsige alƙalai, muhawara takan tsaya ne a kan wanda ke da ikon tsigewa, ba a cika tambayar aljihun da zai ɗauki nauyin aikin ba. Sashe na 292 na Kundin Tsarin Mulkin 1999 ya ba gwamna damar cire Babban Jojin jiha bisa buƙatar kashi biyu cikin uku na majalisar dokoki, wato 23 cikin 34 a nan Katsina, amma a 2012, a shari'ar Babbar Jojin Kwara, Kotun Ƙoli ta ce dole a bi ta Majalisar Kula da Shari'a ta Ƙasa, NJC. Ina roƙon waɗanda abin ya taɓa bi ta kansu su faɗi inda suka ga kuɗin yana tafiya.

Tsohon akanta, Katsina:
Wa alaikumus salam, Malam. Na daɗe a teburin haɗa kasafi, kuma abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne aljihun biyu ne. Albashin alƙalan Babbar Kotu da na Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'ar Musulunci daga tarayya yake fitowa ta hannun NJC, yayin da majistare da alƙalan ƙananan kotunan shari'a, waɗanda hukumar kula da ma'aikatan shari'a ta jiha ke ladabtarwa, nauyinsu yana kan jiha. Kwamitin bincike kuwa yana cin alawus na zama, da man mota, da masauki, da kuɗin buga takardu, kuma inda ba a ware masa kaso nasa ba, daga kuɗin gudanarwa ake yaga, wato wanda ake sayen takarda da man janareta da shi. Akwai kuma bambanci tsakanin kora da ritayar dole, domin wanda aka yi wa ritayar dole yana tafiya da fanshonsa, kuma tun da aka ƙara albashin manyan alƙalai a 2024 wannan bambancin ya ƙara nauyi.

Wata lauya, Daura:
Alhaji, ranka ya daɗe, kasafin da ka bayyana shi ne wanda ake rubutawa. Akwai wanda talaka ke biya, ba ya shiga kowane littafi. Na taɓa riƙe wata shari'ar gonar gado da ta yi nisa, har an gama jin shaidun ɓangare guda, sai aka dakatar da alƙalin. Da aka miƙa ta ga wani, dole aka faro daga farko. Dattijon da ya san iyakar gonar, wanda ya nuna mana kukar da ke kan shacin, ya riga ya rasu, sauran kuma sai da mai ƙara ya sake biya musu kuɗin mota da na abinci, har ya sayar da tumakinsa biyu. Ban ce kada a dakatar da mai laifi ba, ko kusa, amma duk dokar da ta ba da ikon dakatarwa ba ta tanadi kuɗin kawo wanda zai riƙe kotun nan take ba, mai ƙara ta ɗora wa hukuncin.

Wani ɗan kasuwa, Daura:
Barista, ni ko ƙorafi a kan alƙalin da ya riƙe shari'ata ma ban iya kaiwa ba. Da aka gaya mini cewa sai na haɗa da takardar rantsuwa, cikin wata shida, kuma mai yiwuwa a kira ni da shaiduna, na lissafa ɗawainiyar na ga ta fi bashin da nake bi, sai na haƙura.

Ma'aikacin kotu, Katsina:
Ina cikin waɗanda suka rufe ƙofar kotu a yajin aikin ƙungiyar ma'aikatan kotuna ta ƙasa, JUSUN, daga Afrilu zuwa Yunin 2021, kuma abin da muka nema shi ne a aiwatar da sashe na 121(3) na Kundin Tsarin Mulki, a riƙa miƙa wa shugabannin kotuna kuɗinsu kai tsaye. Shugaba Buhari ya yi ƙoƙarin tilasta hakan da Umarnin Shugaban Ƙasa mai lamba 10 a 2020, Kotun Ƙoli ta soke shi a Fabrairun 2022. Abin da ya haɗa wannan da maganarmu, Malam, shi ne hukumar da sai ta rubuta takarda ta jira a sakar mata kuɗin zama ba ita ke zaɓen ranar da za ta binciki alƙali ba, mai sakin kuɗin ne ke zaɓa. Alhaji, a zamaninka, takardar neman kuɗin kwamiti takan ɗauki tsawon wane lokaci kafin a sa mata hannu?