Zanen kan dutsen Bidzar: hatimi ne ko me?

Direban Marwa: Salamu alaikum jama'a. Jiya tayata ta yi faci a Bidzar, nan kusa da Figil a arewacin Kamaru kan hanyar Garwa zuwa Marwa, ina jiran mai gyara sai wani yaro ya ja ni ya nuna min wannan zanen da na turo muku, a kan farin dutse shimfiɗe a ƙasa. Zagaye cikin zagaye, wasu ƙanana manne da babba kamar 'yan tsaki sun kewaye uwarsu. Na sa yatsa cikin layin, sassaƙa ce aka ɗan ƙwanƙwasa a hankali. Ni dai wallahi hatimi na gani, mutanen zamanin da sun rufe wani abu a wurin.

Malam Ƙarami: Wa alaikumus salam. A'a ɗan'uwa, hatimi gida-gida ne mai kusurwa huɗu, da haruffa ko lambobi a ciki. Wanda aka fi sani mai gida tara, ta duk inda ka haɗa 15 zai ba ka. To nan ina harafi ko ɗaya?

Direban Marwa: Allah gafarta Malam ai ba dole sai na Larabci ba, kafin karatu ya iso nan ma mutane na da nasu tsarin.

Ɗalibar Ngaundere: Yaya ba a jiya aka san wurin ba fa, wani Bafaranshe Alain Marliac ya yi bincike a kai har ya fitar da littafi a 1981, kuma 2006 Kamaru ta sa Bidzar cikin wuraren da take so hukumar UNESCO ta karɓa a matsayin wuraren tarihi na duniya. Ni gida nake gani. Ku hau tudu ku leƙo gidan mutanen Gidar, ɗakuna zagaye, rumbuna zagaye, danga ta kewaye su duka, ba shi ne wannan ba?

Kawu: Ke 'yata, in gida ne ina ƙofa? Ko ɗakin awaki da ƙofarsa. Wanda ya san gida ba zai zana shi a toshe ba.

Ɗalibar Ngaundere: Kawu rufin ciyawa in ka hango daga sama ai ƙofa ba ta fitowa.

Kawu: Hmm, wannan kam kin kama ni. Amma zagaye uku cikin juna fa, wane ɗaki ne haka?

Malam Ƙarami: Ku yi ta gardamarku, abin da nake roƙo kada wani ya ji an ce hatimi ya ɗauki diga ya tafi neman dukiya. Dutsen marmara ne, dama can ana fasa irinsa a yankin ana kwasa.

Direban Marwa: Wannan ne ya tsaya min a rai Malam, ina tsaye wurin manyan motoci biyu suka wuce da lodi. Alhamis in Allah ya yarda zan koma da sassafe lokacin da rana ke kwance, in zuba ruwa a kai layukan su fito sosai, in ɗauko muku foto. Kawu sai ka ƙirga da kanka.