"Gani ya kori ji": fastonmu ya ce karin maganar Toma ce

Mai Ganga: Salama, jama'a. Ranar Lahadi fastonmu yana wa'azi a kan Toma, almajirin nan da ya ƙi yarda Yesu ya tashi daga matattu sai ya gani da idonsa, Yohanna sura 20, sai ya ce "gani ya kori ji" magana ce ta marasa bangaskiya, bai kamata a ji ta a bakin Kirista ba. Hujjarsa, Yesu ya ce masu albarka ne waɗanda ba su gani ba amma suka ba da gaskiya. Ana tashi wani dattijo ya tare shi a bakin ƙofa, ya ce masu iya magana ba su yi ƙarya ba, har muryoyi suka ɗan hau sama. Wa ke da gaskiya?

Ɗan Kwaya: Fasto. Romawa 10:17, bangaskiya ta wurin ji take zuwa. In gani ya kori ji, me ya rage mana? Ko ɗayanmu bai ga kabarin Yesu a buɗe ba.

Tsohon Malami: Sannu da hanzari, ɗana. Yaushe ake faɗin maganar nan? Sai an daɗe ana ba ka labarin abu, ka je ka tarar ya wuce yadda aka faɗa. Ita ce ta sarauniyar Sheba a gaban Sulemanu, 1 Sarakuna 10: ban yarda ba sai da idona ya gani, ashe ko rabi ba a gaya mini ba. Ayuba ma haka ya ce wa Allah a sura 42, dā da kunne na ji labarinka, yanzu idona ya gan ka. Su ma kafirai ne?

Ɗan Kwaya: Baba, Ayuba bai gindaya wa Allah sharaɗi ba. Toma cewa ya yi sai ya sa yatsa a gurbin ƙusoshi.

Autar Mama: Ni Toma tausayi yake ba ni. Sauran almajirai goman fa da matan suka kawo musu labari daga kabari, Luka ya ce tatsuniya suka ɗauke shi. Sai da suka gani da idonsu. Laifinsa kawai ba ya nan ranar da aka yi rabon gani, shi ke nan suna ya bi shi shekara dubu biyu.

Baƙon Zaure: Masu albarka ne waɗanda ba su ga titi ba amma suka sake fitowa zaɓe 😂

Mai Ganga: Kai dai ba ka rabo da tsiya.

Baƙon Zaure: Wane tsiya? Namu wakilin ya fi kowa bangaskiya. Ya ƙaddamar da asibiti a rediyo, mu muna ta ji. Ranar da gani zai kori ji ai ya koma wata jam'iyya.

Tsohon Malami: Mu dawo. Paparoma Giregori Babba, wanda ya rasu a 604, ya yi wa'azi cewa shakkar Toma ta fi amfanarmu a kan bangaskiyar sauran almajiran. Kuma ku lura, bayan kwana takwas da Yesu ya bayyana, bai kore shi ba, hannuwansa ya miƙa masa. Daga bakin mai shakkar nan ne "Ya Ubangijina da Allahna" ta fito, ayar da ake kafa hujja da ita a kan allahntakar Almasihu. Wannan batun ne ya tara bishop-bishop a Nikiya a 325, aka ƙi koyarwar Ariyus, mai cewa Almasihu halittarsa aka yi, ba daidai yake da Allah Uba ba. Aƙidar da muke karantawa a tsaye yau, sai da aka sha gardama kafin a rubuta ta.

Jikar Kaka: Ku bari in ba ku labarin kakata, Allah ya ba ta hutawa. Ba ta iya karatu ba, amma Shaidar Bangaskiya ta Manzanni tana kanta tsaf, muryarta ce ke fin ta kowa a layin mata. Sai autanta ya rasu, saurayi, ciwon da bai kai mako ba. Daga nan ta canja. Ba ta daina zuwa sujada ba, ko ruwa ake yi sai ta je. Ana miƙewa za ta miƙe, ta fara "Na ba da gaskiya ga Allah Uba Mai Iko Duka" da ƙarfinta, ta bi har gafarar zunubai. Da an zo "tashin jiki" sai ta kama bakinta, ta riƙe bayan bencin gaba har jijiyoyin hannunta su fito. Ni ce nake riƙe mata littafin waƙoƙi, shi ya sa na gani. An daɗe a haka. Wata mata ta kai zancen wurin dattawa, wai Kaka ta bar aƙida. Da fasto ya zo gida ya tambaye ta a hankali, cewa ta yi: "Ɗana, wannan layin ya yi mini nauyi yanzu. Na kusa da ni suna faɗa, su riƙe mini shi tukuna." Bai ce uffan ba, ya yi addu'a ya tafi.

Autar Mama: Wayyo. Ta koma faɗa daga baya?

Jikar Kaka: Wani lokaci ta faɗa, wani lokaci ta yi shiru, har ta koma ga Ubangiji. Matar da ta kai ƙarar kuwa ita ce ta fi kowa kuka ranar jana'iza.

Ɗan Kwaya: Labarin ya taɓa ni, 'yar'uwa, amma Yakubu 1:6 na nan. Mai shakka kamar raƙuman ruwan teku yake, iska na kora shi. In kowa zai tsallake layin da ya yi masa nauyi, ina amfanin ikirari?

Jikar Kaka: In ka ji ana ƙi gudu, sa gudu ne bai zo ba.

Tsohon Malami: Katikisim na Katolika, wato littafin koyarwar addininsu, ma ya raba biyu: shakkar da mutum ya zaɓa da gangan, da wadda ta zo masa ba da sonsa ba. Uban nan da ya kawo wa Yesu ɗansa marar lafiya a Markus 9 ya haɗa su a numfashi guda, na ba da gaskiya, ka taimaki rashin bangaskiyata, kuma aka warkar masa da ɗa. Wasiƙar Yahuza ma ta ce a ji tausayin masu shakka.

Baƙon Zaure: To a ji tausayina, don ina shakkar kuɗin ginin hasumiyar cocinmu da ake tarawa tun ina ajin Lahadi.

Autar Mama: Zato zunubi 😂

Baƙon Zaure: Ko da ya zama gaskiya, na sani. Matambayi kuma ba ya ɓata.

Mai Ganga: Wai tsaya, Baba, Toma ya taɓa raunukan kuwa? Yanzu na sake karantawa, ban ga inda aka ce ya sa yatsan ba.

Ɗan Kwaya: Ya taɓa mana, a hotuna da yawa haka ake zana shi.

Autar Mama: Au, yanzu kuma hoto ne hujjarka? Ba kai ne na ɓangaren ji ba?