Maina ko darbejiya, wanne za a sa a taken shafi?

Ɗan Dukku: Salamu alaikum jama'a. Jiya na buɗe shafi a Wikipedia ta Hausa a kan bishiyar maina, har hoton ta ƙofar gidanmu na ɗora, yau da safe na duba sai na tarar wani ya mai da taken darbejiya wai shi ne daidaitacciyar Hausa. Abin ya min ciwo wallahi, ni tun tasowata ban taɓa jin darbejiya a bakin kakata ba, in zazzaɓi ya kama mu ganyen maina take tafasawa ta lulluɓe mu da zani mu yi sirace har gumi ya keto.

Malamin Bayoloji: Wa alaikumus salam. Ka yi haƙuri ƙanena amma mutumin bai yi laifi ba. Dole take ya zama guda ɗaya, kuma Hausar Kano aka gina ƙa'idar rubutu a kanta.

'Yar Azare: Malam a nan ban bi ka ba. Ƙa'idar rubutu daban, sunan itace daban. In yawan masu faɗa ake bi ai dogon yaro ya fi su duka, har Yarbawa da Ibo haka suke kiransa, wasu kuma bedi suke cewa. To wa ya ba darbejiya sarauta?

Malamin Bayoloji: Shi ya sa ni son raina a sa sunansa na kimiyya, Azadirachta indica, kowa ya huta. Tun 1753 da masanin tsirrai Linnaeus ya daidaita tsarin ba wa tsirrai suna biyu ake tafiya a kansa, na farko da babban baƙi na biyu da ƙarami, ko a Indiya inda itacen ya samo asali sunan kenan.

Ɗan Dukku: Haba Malam, manomi a Nafada ya ɗauki waya yana neman yadda zai kare wakensa daga ƙwari, Azadirachta zai rubuta?

Baba na Kumo: Ku saurara yarana. Ni damuwata ta wuce maina. Ku ɗauki yakuwa, ganyen shi ne yakuwa, jan da ake jiƙawa a sha shi ne zoɓo, alhali tsiro ɗaya ne, Hibiscus sabdariffa. Giginya ma haka, ɗan tsironta da ake dafawa a sayar a tire muruci ne. In kowane suna aka buɗe masa shafi sai yaro ya ɗauka abubuwa ne daban daban. A nan sunan kimiyyar yake da rana, shi zai shaida cewa abu ɗaya ake nufi, amma a layin farko za a sa shi ba a take ba. Kuma tattara sunayen nan ba yau aka fara ba, Bature Dalziel ya yi na tsirrai a 1916, Bature Bargery kuma a ƙamusunsa na Hausa na 1934 yakan nuna garin da ake faɗin kalma, bai zubar da ta Sakkwato ko Katsina ba don Kano ba ta san ta ba.

'Yar Azare: Allah ya ƙara girma Baba. A jera su duka, kowanne da yankinsa, sauran sunayen a karkatar da su zuwa shafi ɗaya. Kuma don Allah a tuna da haruffa masu lanƙwasa, wanda ya rubuta kadanya ko bauna saboda kibod ɗinsa ba shi da ɗ da ɓ shi ma ya isa wurin.

Malamin Bayoloji: Na yarda da jerawa, amma da hujja. Ba kowa ya zo ya ce a ƙauyenmu kaza ake cewa a rubuta ba.

Ɗan Dukku: To wanda ba a taɓa bugawa a littafi ba fa Malam? Sunaye nawa ne ke bakin mafarauta da masu magani a kasuwar Gombe waɗanda ba su shiga ƙamus ba? Kuma har yanzu ba a ba ni amsa ba, ni na fara buɗe shafin da maina, a kan me za a cire shi ba a ko tuntuɓe ni a shafin tattaunawa ba?