Ina neman taimako kan gashin kaza a obin

Assalamu alaikum. Ina neman shawarar waɗanda suka ƙware a gashin kaza, domin sau uku ke nan ina gwadawa don abincin dare na iyalina, amma abin ya ƙi daidaituwa.

Nakan yayyanka kaza guda, in shafa mata gishiri da tafarnuwa da ɗan mai, in jera ta a faranti ɗaya tare da dankalin turawa da karas, sannan in saka a obin mai zafin digiri 200 na tsawon minti 45. Idan na fito da ita, sai in tarar ƙirjin ya bushe har yana wuyar haɗiya, alhali cinyoyin, idan na tsaga su kusa da ƙashi, akwai sauran ja a jikinsu. Na san ana son zafin cikin naman ya kai digiri 74 kafin a ci, kuma da yake akwai ƙananan yara a gidan, hankalina ba ya kwanciya da wannan jan. Fatar ma ba ta soyuwa, saboda ruwan da ke taruwa a ƙasan farantin.

Shin ya kamata in riga saka cinyoyin, in ƙara ƙirjin daga baya? Idan haka ne, tazarar minti nawa zan bari? Ko kuwa cunkusa komai a faranti ɗaya ne yake jawo ruwan? Ba ni da ma'aunin zafin nama, don haka ina so in san ko sayensa ya zama dole.