Neman kalma: yaya za a ce "reserve list" da Hausa?

Abban Sadiq: Salam jama'a, dan Allah a agaza min, ina da shirin wasanni a rediyo ƙarfe takwas na daren yau kuma an ba ni labari kan besbol na Japan, dokar da ke hana 'yan wasan waje sauya kulob. A can kowane kulob cikin 12 yana miƙa sunayen waɗanda yake so ya riƙe zuwa ƙarshen Nuwamba, in sunanka ya shiga to ko kwantiraginka ya ƙare ba ka da ikon yin ciniki da wani kulob. Shi ne reserve list. Me zan ce? Sannan free agent fa, wato ɗan wasan da yake da ikon yin ciniki da duk kulob ɗin da ya ga dama?

Maman Ilham: Jerin riƙo. Ɗayan kuma ɗan wasa mai zaman kansa.

Baffa Na Fagge: Hajiya riƙo bai fito da shi ba, mai sauraro zai ɗauka riƙon ƙwarya ake nufi. Wannan ai ɗaurin talala ne, mutum na yawonsa amma igiya na hannun kulob.

Abban Sadiq: Talala ta yi daɗi Baffa, tsorona kar a zata an tsare ɗan wasa a gida ne, ka san da haka aka saba jin ta a labarai.

Malam Mai Nahawu: Kafin a je nan, mene ne besbol, mene ne kulob, mene ne kwantiragi? Ka zo neman Hausa da bakin da ya cika da Turanci. Ƙwallon kulki, ƙungiya, yarjejeniya. Abin da kake nema kuma dabaibayi ne, na daɗe ina ba da shawarar a riƙa cewa kundin dabaibayi, wanda ya fita daga ciki kuma 'yantacce.

Maman Ilham: Malam 'yantacce fa? Kenan da bawa ne?

Baffa Na Fagge: To a ce masa bazawari mana tunda an sake shi hhhh

Ɗan Tokyo: Ku tsaya tukuna, kalma biyu kuke buƙata don hanyar fita biyu ce. Akwai wanda kulob bai sa sunansa a jerin ba, a farkon Disamba ake fitar da sunayen, shi wannan ko gobe yana iya komawa inda ya ga dama. Haka Raidel Martinez ɗan Kuba ya bar Chunichi ya koma Yomiuri Giants a ƙarshen 2024. Akwai kuma wanda ya yi kaka 8, kuma kwana 145 a babbar tawaga ake ƙirgawa a matsayin kaka ɗaya, shi ne ya samu hakkin tafiya ko kulob bai so ba, in wajen Japan zai fita sai kaka 9. Abin sha'awar ma baƙon da ya kai wannan matsayi an daina lissafa shi cikin 'yan waje, kamar Balentien ɗan tsibirin Kurasawo wanda ya buga ƙwallo 60 waje da fili a 2013, sanda ya bar Yakult ya koma SoftBank a 2020 gurbin ɗan gida ya ci. Yawancin baƙi ba sa kai shekara takwas ɗin, shi ya sa wakilansu ke neman a rubuta tun farko cewa in wa'adi ya cika a sake su.

Malam Mai Nahawu: Duk wannan bayani bai kore dabaibayi ba, ƙara masa ƙarfi ya yi.

Issoufou Maradi: Gaskiyar Malam. Ku mutanen Kano kun bari Turanci ya cinye muku halshe, komi sai kun aro.

Baffa Na Fagge: Kai Issoufou kai da kake ce wa mako sati mu ma muna faɗa, amma wa ke cewa lakwal da lokotoro? Kowa da wanda ya ci shi.

Issoufou Maradi: Mu dai ba mu ce ma ƙungiya kulob ba.

Maman Ilham: Bawan Allah ya ce ƙarfe takwas ku kuna faɗan Kano da Maradi. Malam da girmanka, ba wanda zai ji kundin dabaibayi a rediyo ya gane wasa ake magana, sai ya ɗauka shirin kiwo ne.

Malam Mai Nahawu: Haka aka ce sanda aka fara cewa na'ura mai ƙwaƙwalwa. In ku 'yan jarida ba ku faɗa ba wa zai faɗa?

Baffa Na Fagge: Kuma har yau kwamfuta muke cewa Malam.

Abban Sadiq: Na gode kwarai. Ga yadda zan yi: jerin 'yan wasan da ƙungiya ta riƙe, sai in ƙara da cewa kamar ɗaurin talala ne, sau ɗaya. Free agent kuma, na farko wanda ƙungiya ta saki, na biyu wanda ya cika wa'adinsa. Malam na karɓi ƙungiya da yarjejeniya, amma besbol zan ce.

Malam Mai Nahawu: Wannan bayani ne ba kalma ba. Je ka yi shirinka, amma maganar dabaibayi ba a gama ta ba.