Neman kalma: me za mu kira "surfactant" da Hausa?

1. Jama'a, a taimaka min. Ina koya wa 'yan mata haɗa shamfu da sabulun wanka na ruwa a nan Jekadafari, Gombe, kuma kullum a kan kalma ɗaya nake cijewa: surfactant. Safaktan muke ce masa a aji, amma in an tambaye ni ma'anarsa sai na yi ta kewaye-kewaye.

2. Wanda muke amfani da shi daga tsiro yake, ana kiransa desil gulukosaid. Sukarin da aka fitar daga sitacin masara ne ake haɗawa da wani sinadari daga man kwakwa. Ba ya bushe fata sosai, shi ya sa ake saka shi a shamfun jarirai.

Ga aikinsa. Jiya na zuba ruwa a kwalba, na ɗiga man gyaɗa, ya tsaya a sama yana yawo. Na ƙara ɗigo biyu na safaktan na girgiza, sai ruwan ya yi fari kamar tsinkakken nono. Kowace ƙwayar safaktan baki biyu gare ta, ɗaya ya kama ruwa, ɗaya ya kama maiƙo. Da haka yake ɗebe dauɗar man kitso daga fatar kai, ruwa ya tafi da ita.

3. Na ga amsoshinku. Masu "sinadarin kumfa" sun fi yawa, kuma da shi na fara, amma na janye. Kumfa ba ita ke wanki ba, akwai irinsa da ba ya kumfa sosai kuma yana fidda datti tas. In na koya musu haka, gobe za su yi ta auna kyan shamfu da yawan kumfa.

4. Wata Anti ta ce, "Ke 'yar nan, ai sabulu ne, kina wahalar da kanki." Anti, da gaskiyarki, sabulu ma danginsa ne, har sabulun salo da ake yi da ruwan toka da mai. Sai dai sabulu ɗa ne a gidan, mu sunan gidan muke nema.

Wanda ya ce "dillali" kuwa ya ba ni dariya. Dillali la'ada yake ci.

5. Wani Malam ya kawo "masasanci", wato mai sasanta ruwa da mai. Allah ya ƙara sani, Malam, wannan ya zauna min. Ya faɗi aikin kai tsaye, ga jam'i a shirye, masasanta, kuma ya rufe har wanda ake sakawa a man shafawa don kada ruwa da mai su rabu a cikin roba. Namu na masara da kwakwa sai mu ce masasancin tsiro.

Ranar Asabar zan gwada shi a aji, in ji yadda zai fito a bakin yaran.